Tulin Garin Katakon da Unguwa Ta Tona

Shekarar da na ɗauko Baba daga ƙauyenmu na wajen garin Kusa na kawo shi gidana a Jibiya, kwana uku ya yi bai ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Ba da son ransa ya zo ba. 'Yan bindiga sun matsa wa ƙauyukan yankin, gero ma a tsorace aka girbe shi, ni kuma na je na tsaya a kansa da magiya da ɓacin rai har ya hau bayan babur ɗina, da ƙunshin tufafinsa da fartanyarsa. Ran na huɗu da safe ya fito tsakar gida da fartanyar nan, ya ɗaga ya sari ƙasa. Fartanya ta yi tsalle ta dawo masa, ƙarar har ta firgita akuyar matata. Filin da na gina gidan a da wurin ajiye manyan motoci ne, an zuba masa marmara, tayoyi sun yi shekaru suna danne ta.

Baba ya dubi bakin fartanyar, ya dube ni.

"Nan kake zaune?"

Na ce nan ne, Baba.

"To madalla. Damina na faɗuwa za ni gida."

Na san halin Baba. In ya ce za shi, to za shi, ko da kuwa ana ruwan wuta a hanya. Na ƙirga da yatsu, wata bakwai ke gare ni. Sai na ce masa, in na samo ƙasar da za ta yi shuka a nan tsakar gida, ya yi 'yar gonarsa ta kuɓewa da masara da yakuwa, zai zauna? Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Kawo ƙasar mu gani." Ni kuwa malamin makaranta ne, na saba in aji ya yi shiru in ɗauka an gane darasi. Saboda haka na ɗauki maganar nan a matsayin alkawari.

Samun ƙasar ne ya zama aiki. Takin dabbobi ba ya samuwa, masu lambun bakin dam sun kama shi tun yana cikin saniya. Na sa aka kawo mini ƙasar gulbi amalanke guda, Baba ya damƙa, ta zurare ta tsakanin yatsunsa, ya ce a ba magina.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare can wajen bakin iyaka, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a sallame su zuwa Maraɗi. Kusa da makarantar akwai wani kafinta, mutumin Nijar, mai yi wa motoci bodin katako, shi ne kuma ke gyara mana bencina in yara sun karya. Bayan rumfarsa garin katako ne tuli guda, ya fi ni tsawo. Wata rana ina zaune wurinsa ina kukan abin da ya dame ni, sai ya nuna tulin da zarto ya ce ga ƙasa nan ina kallo. Na ɗauka zolaya ce, na ce ya bari, raina a ɓace yake.

"Wallahi Malam, tsohuwata haka take yi a lambunta can bayan Maraɗi," in ji shi. "Amma hwa ba shi kaɗai ba. In ka zuba shi ɗanye a gindin shuka, ƙarfin ƙasar zai shanye, ganye shi yi ɗorawa. Abinci shike so. Ka shimfiɗa gari, ka shimfiɗa ragowar abinci bisa, su ɓawo da ruɓaɓɓen kayan miya, ka sake rufewa da gari, ka yayyafa ruwa. Kada ka sa nama, kada ka sa mai. Kuma duk sati ka juya shi, na ƙasa shi koma bisa. Juyin ga shi ne aikin. In ba ka juya ba, wari za ka girba."

Ya cika mini buhu, ya zaɓo daga gefen da ba a yanka katako mai fenti ko mai maganin gara ba. Ya ce in zo kullum in ɗiba, na ma rage masa aikin kwasa.

Na dawo gida da murna na ce wa matata daga yau duk ragowar abinci a tara mini. Ta tsaya da ludayi a hannu tana dubana. Sai a lokacin na tuna gidanmu ba a ragowa. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, ƙanzo yana da masu shi, ruwan tsari na akuya ne, ɓawon dankali na akuya ne, ganyen da ya yanƙwane ma na akuya ne, abin da ya zube ƙasa kuma kaji sun riga kowa. Da na matsa, sai ta ce to in je in yi magana da akuyar, in ta yafe ita ba ta da matsala. Kwana uku ina tari, abin da na haɗa ɓawon albasa ne cikin tafin hannu da ɓawon ƙwai biyu, ɗayan ma kaza ta ƙwace a gabana.

Dole na koma bakin iyaka, inda ake dafa wa direbobi abinci tun safe har yamma. Na samo tsohon bokitin fenti na wanke, na bi mai shayi ya tara mini ganyen shayi da ɓawon ƙwai, mai kankana ya tara mini ɓawo, sannan na je wurin wata dattijuwa mai tuwo da shinkafa, wadda ta fi kowa ɓawon dankali da ruɓaɓɓen tumatir.

"Malam, akuya ka saya?" ta tambaye ni.

Na ce a'a.

"Kaji?"

Na ce a'a, Inna, taki zan yi.

Ta dubi takalmina, ta dubi wuyan rigata, ta karɓi bokitin. Washegari da na zo ɗauka, na tarar a ƙarƙashin ɓawon an cusa leda ɗaure, shinkafa da wake ce da zafinta, har da tsokar nama. Na koma zan yi mata bayani, ta ɗaga hannu ta tare ni. "Malam, ba komi. Kowa da irin jarabawarshi. Ba mai ji daga bakina." Kafin la'asar duk direbobin da ke layi sun ji. In na wuce da bokiti sai a yi ta kirana a zo a sha shayi, wani ya ce gwamnati ba ta kyauta wa malamai ba. Duk sanda na ce taki zan yi, sai tausayin ya ƙaru. Raina ya yi ta ɓaci, amma shinkafar dai ci nake yi, tunda ba a zubar da abinci, kuma kafinta ya ce kada a sa nama a tulin.

Tsakanin bakin iyaka da gari akwai shingen binciken kaya, da wani ma'aikaci dogo mai gashin baki da ke tsayawa a wurin riƙe da ƙarfen soke buhu. Sai wanda ya san hanyar nan zai gane abin da ya biyo baya. A hanyarmu ba wanda ke ɗauke da abin da ake gani yana ɗauke da shi. Buhun gawayi shinkafa ce a ciki, buhun ƙaiƙayi taliya ce, mai babur in ka ga ya yi ƙaton tumbi cikin babbar riga, taɓa tumbin za ka ji fetur yana motsi. Da haka muka tashi muka tarar, ba wanda ke ɗaukarsa abin mamaki. Sai ga ni na taho daga iyaka da buhu a bayan babur da bokiti rufe a gaba, kuma na tsaya da kaina tun ba a tsayar da ni ba.

Ma'aikacin ya soki buhun, gari ya zubo. Ya soki wani gefen, gari ya zubo. Ya yi ta suka har buhun ya zama rariya. Ya buɗe bokitin, ya ja da baya yana salati. Ya sa na zazzage garin a gefen titi, ya tsuguna ya bi shi da yatsu, har ya ɗanɗana a harshe. Sannan ya ce in tafi. Washegari haka, jibi haka. Da muka yi sati biyu, wata rana bai ko ɗauki ƙarfen ba, sai ya matsa mini a benci ya ce in zauna.

"Malam, na daɗe a kan hanyar nan," ya ce. "Na ga mai ɓoye kaya cikin taya, na ga mai ɓoyewa cikin tulun fura. Amma kai ka fi su duka. Wallahi ba kama ka zan yi ba. So nake in sani kawai, hankalina ya kwanta."

Na ce garin katako ne, ranka ya daɗe.

"Na sani, ai na ɗanɗana. Mene ne a cikin garin katakon?"

Na ce taki zan yi wa mahaifina. Ya jinjina kai ya ce lallai ilimi ya yi, ya ɗage mini shinge da hannunsa.

A gida na zaɓi kusurwar da ke jikin katanga na fara tuli, hawan gari, hawan ragowa, in yayyafa ruwa, in rufe da tsofaffin buhuna don akuya da rana. Baba yana zaune a tabarma gindin dalbejiya yana kallo da carbi a hannu. Ba ni yake yi wa magana ba, matata yake yi wa. "Ɗiyata, kin ga ɗan da na sa makaranta? Mutane na hidda juji waje, shi shina shigo da shi, har da ban ruwa."

Satin farko na juya tulin ba wahala, don bai wuce gwiwa ba. Kafin wata guda ya kai mini ƙirji. Na aro shebur na tuɓe riga, ina sane Baba yana kallo, na ɗebi na farko, na ɗebi na biyu, a na uku bayana ya riƙe. A tsugune matata ta ja ni ɗaki, na kwana uku ko sallah a zaune nake yi. Baba bai taɓa shebur ɗin ba, inda na yar da shi nan ya bar shi. Tulin kuwa ya cika alkawarin kafinta. Wari ya tashi har matata ta kwashe murhunta ta koma zaure da girki, ta ce aurena ta yi, ba ta auri bola ba. Na lallaɓa na ƙara gari a sama, warin ya lafa. Amma da na koma makaranta kafinta ya ce in ba a juyawa, sai ya yi damina biyu bai nuna ba. Ni kuma wata biyar ya rage mini. Tsoro ya kama ni sosai, don duk sati sai an kawo labarin wani ƙauyen da aka shiga, Baba kuma yana jin labarin bai ko ɗaga kai.

Katangar da ke tsakanina da maƙwabcina gajera ce. Shi Alhaji ne, fataucin shinkafa da mai yake yi tsakanin ƙasashen biyu, mutum mai fara'a wanda bai taɓa yarda akwai abin da ake yi don Allah kawai a bayan babur ba. Wata safiya mai sanyi ya leƙo ya ga tururi yana tashi daga tulin. Ya yi sallama ya shigo, ya gaida Baba, ya wuce kai tsaye ya cusa hannu ciki, ya zaro da sauri, don cikin ya yi zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Malam, mu hwa maƙwabta ne. In wuri ya yi maka kaɗan, ina da sito."

Na ce juji ne, Alhaji.

"Awo, juji. Mu ma gawayi muke cewa."

Na yi masa bayanin gari da ɓawo da ruwa da iska, har da yadda ruɓewa ke kawo zafi, kamar ina gaban aji. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a iya saninsa ba a rufe juji da buhu, ba a yi masa ban ruwa, ba a kuma ɗauko shi daga bakin iyaka a wuce da shi ta shinge kullum ba a kama mutum ba.

Ranar Asabar sai ga shi da 'yan dakonsa biyu, ƙarti, kowa da shebur. Ya ce sun ji bayana ya riƙe, shi ne suka zo su gyara mini tulin, ai haƙƙin maƙwabtaka ne. Kafin in buɗe baki sun fara. Suka kwashe tulin nan kaf daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk curin da suka tarar sai sun murtsuke shi da hannu sun duba. Da suka kai ƙasa, Alhaji ya karɓi shebur ya yi ta ƙwanƙwasa marmara yana kasa kunne ko zai ji rami. Abin da suka samu cokalin mai shayi ne guda ɗaya. Ya share gumi ya dube ni, na ga girmana ya ƙaru a idonsa.

"Jiya ka kwashe ke nan," ya ce.

Na cika na yi fam. An shigo mini gida, gaban mahaifina, an tona mini tsakar gida kamar ɓarawo. Na buɗe baki zan faɗi maganar da za ta raba mu gaisuwa har abada, sai matata ta kira ni daga ɗaki, kira na gaggawa. Na shiga ina huci.

"Malam, wane aiki kafinta ya ce a riƙa yi duk sati?"

Na leƙa ta taga. Na ƙasa ya koma sama, na gefe ya shiga tsakiya, ba curi ko ɗaya. Ko ni da lafiyayyen baya ba zan juya shi haka ba. Na fito na yi wa Alhaji godiya, na ce Allah ya bar zumunci. Godiyar nan ta ƙara tabbatar masa ina da abin ɓoyewa.

Daga nan matata ta karɓi ragamar aikin. In ta je suna ko biki mata suka tambaye ta abin da ke cikin tulin, sai ta sunkuyar da kai ta gyara mayafi ta ce, "Ni mace ce, ba a hwaɗa mani komi." Ni kuma ban taɓa yin ƙarya ba, duk wanda ya tambaya sai in ce juji ne, taki nake yi. Gaskiyar nan ita ta fi jawo su. Kafin sati biyu unguwa ta rabu. Wasu suka ce zinari ne ake kawo mini cikin gari ina tacewa. Wasu suka ce ƙasar nan ce ta arewacin Nijar da Turawa ke saye suna yin lantarki, shi ya sa take zafi. Wani mai gyaran babur ya yarda da wannan har ya zo ya soka wayar cajinsa a cikin tulin, ya tsuguna yana jira. Da ba ta kawo ba, ya ce wayar ce ba ta da kyau.

Duk Asabar sai an samu mai zuwa taimako. Alhaji ya zo sau uku, kowane zuwa da sabon lissafin ranar da yake ganin ban riga na kwashe ba. Wani ya ce zoben matarsa ne kaza ta shigo da shi, ya zo nema a cikin tulin. A wata na uku sai ga ma'aikacin shingen nan cikin farar jallabiya, ranar hutunsa, da goro a leda ya zo gaida Baba. Bayan gaisuwa ya yi ta kallon kusurwa, can ya ce likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ko akwai shebur kusa.

Ranar nan na fara jin dariyar Baba tun zuwansa Jibiya. Ya yi ta yi har da tari, ma'aikacin yana haƙa yana murmushin kunya. Da dariyar ta lafa, sai Baba ya miƙe daga tabarma, ya zo ya tsaya a kansa.

"Kai, ba nan ba. Kwashe na gefen ga ka tura ciki. In ni ne zan ɓoye abu, ai tsakiya zan sa."

Ma'aikacin ya bi umarni da sauri. Ni na ga abin da Baba ke yi, busasshen gefe yake sa a tura inda ke da laima da zafi. Daga ranar ya zama shi ne mai kula da masu tono. In sun zo shi ke nuna musu inda za su fara da inda za su zuba, in mutum ya yi ha'inci ya ce masa ai wanda ya zo makon jiya nan ƙasa ya ce ya ji wani abu mai tauri. Wata safiya na fito na same shi ya damƙi takin yana matsawa a hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗiyata, kawo ruwa bokiti guda, ya bushe." Ya fara share kashin akuya da kansa yana zubawa, yana barbaɗa tokar murhu kaɗan-kaɗan. Ya ce wa mai kankana ta bakina ya riƙa yayyanka ɓawon ƙanana. Cin abincinsa ya ƙaru, har ya fara ƙorafin gishiri a miya.

Na yi murna irin wadda ban iya ɓoyewa ba. Na ce wa matata Baba ya zauna, an gama. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da tankaɗe.

Da zafin bazara ya tsananta masu tono suka fara gajiya, tulin ma ya daina zafi, ya sauka ya koma rabin yadda yake. Alhaji ya leƙo ta katanga ya ga ya ragu, ya ce to, an hidda kaya lahiya, Allah shi sa a yi ciniki. Na ce amin. Ni kuma duk yamma in na taso daga makaranta sai in ɗaure bayana da rawani, in ɗauki diga in yi ta fasa marmarar tsakar gida, taku huɗu a taku shida, ina kwashe duwatsu. Sati uku na yi ina wannan. Na sayo irin kuɓewa da na yakuwa na ajiye a kwalba. Baba yana ganin duk abin da nake yi, ni kuma ban tambaye shi ko zai zauna ba.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya yaye buhunan da ke kan tulin ya cusa hannu har gwiwar hannu. Ya zaro baƙin taki mai laushi, ba ka gane gari, ba ka gane ɓawo, ƙamshinsa irin na ƙasa in an yi ruwan farko. Ya murza, ya shinshina, ya tsince wata gwazarma ya jefa wa kaza. Ya daɗe yana duban abin da ke tafinsa.

"Ya yi," in ji shi.

Tun da nake Baba bai taɓa yaba wani abu da na yi ba, har takardar shaidar malanta da na kawo masa, juya ta kawai ya yi ya tambaya ko bayan ba a rubutu. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo mini, ni da girmana.

Washegari da hantsi na fito da jakar littattafai zan tafi makaranta, na tarar da Baba a kusurwa da shebur. Buhu biyu sun riga sun cika, ya ɗinke bakinsu da basilla, ya jingine su a katanga. Yana kan na uku. Ƙunshin tufafinsa yana kan tabarma a ɗaure.

"Baba, mene ne haka?"

"Gefen gonar nan na wajen tsamiya ya gaji, shekara nawa ba ya ba da komi. Wanga shi ne maganinshi."

"Don nan na yi shi. Don ka zauna na yi shi."

"Na sani."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce wata bakwai ina yawo da bokitin ruɓa, ana yi mini kallon mayunwaci, an tona mini gida, na karya bayana. Na ce ya ji abin da aka yi a ƙauyen da ke gaba da namu makon jiya, ya san mutanen da aka tafi da su da sunayensu. Na ce ba na so wata rana ina cikin aji waya ta yi ƙara da mummunan labari. Matata tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ba ta shara.

Baba ya jingina da shebur ya saurare ni har na yi shiru.

"Ka gama? Ni ban ce maka zan zauna ba. Cewa na yi kawo mu gani, na kau gani. Taki ka yi na kirki, ban zaci za ka iya ba. In na zuba shi cikin wanga ɗan akurki naka, kuɓewa kwano biyu zan samu, in zauna ina kallonta kamar majinyaci." Ya dubi tulin. "Sanda ka kawo ni, na ɗauka tawa ta ƙare, hannuna ya mutu. Da ka bar ni bisa tabarma, da ko ƙarfin tahiyar ba ni da shi. Tulin ga naka shi ya tashe ni."

Ya juya ya ɗebi taki a shebur. Buhun ba ya tsayuwa, bakinsa sai naɗewa yake yi, rabin abin da ya ɗebo ya zube ƙasa. Ya sunkuya da ƙyar ya buɗe shi da hannu ɗaya, ya sake ɗebowa, ya sake zubewa. Bai dube ni ba ya ce, "Riƙe mani bakin buhun, zubewa shike yi."

Na dubi ƙunshin tufafinsa, na dube shi. Sannan na ajiye jakar littattafan a ƙasa, na durƙusa, na kama bakin buhun da hannu biyu na buɗe masa shi sosai.